Neman kalma: zango, sansani ko kwanan daji?

1/ Jama'a, ku matso mu kashe wata magana. Abin nan da Turawa ke kira camping, wato mutum ya fita daji ya kafa tanti ya kwana don jin daɗi, da wurin da ake yin sa, har yau ba su da tsayayyen suna a bakinmu. Wani ya ce sansani, wani ya ce kwanan daji, wani kuma ya haɗiye Turancin ɗungurungum ya wuce abinsa. Ni dai na tsaya a kan zango. Amma bari in fara nuna muku abin kafin mu shiga gardama.

2/ Misalin da na fi sani shi ne gandun dajin Pigeon River da ke arewacin jihar Mishigan a Amurka, kusa da wani ɗan ƙauye, Vanderbilt. Dajin gwamnatin jiha ne, ba na tarayya ba, kuma ya haura eka 100,000. Mishigan gaba ɗaya tana da kusan eka miliyan 4 na irin wannan daji. Asalinsa kufai ne. A ƙarshen ƙarni na 19 'yan katako suka sare manyan itatuwan wurin kaf, gobara ta bi ta lashe saura, masu filayen suka daina biyan haraji, ƙasar ta koma hannun jiha. Daga 1933 zuwa 1942 rundunar matasa ta CCC, wadda Shugaba Roosevelt ya kafa don rage zaman kashe wando, ta dasa miliyoyin itatuwa a faɗin jihar. Har gobe ana sarar katako a dazuzzukan bisa izini, ana farauta a lokacinta. Sunan wannan bai ba mu wahala ba: gandun dajin jiha. Mun riga mun saba da gandun dajin Falgore da na Yankari.

3/ To, a cikin dajin ne aka ware wuraren kwana, yawanci a bakin kogi ko tafki. Za ka bar kwalta ka bi hanyar burji, ka iske allon katako da dokoki a manne. Kusa da shi akwai ambulan. Ka zagaya ka zaɓi gurbin da ba kowa, ka rubuta lambarsa da lambar motarka da yawan kwanakin da za ka yi, ka sa kuɗi a ciki, ka zura a bakin wani bututun ƙarfe mai kwaɗo da aka kafa a ƙasa. Ka yage ɗan ɓangaren takardar ka maƙala a jikin turken da ke gaban gurbinka. Shi ke nan, ka kama wuri. Ba mai karɓar kuɗi, ba maigadi, ba wanda zai ce maka sannu da zuwa. Wanda ya riga zuwa shi ke da wuri.

4/ A gurbin me za ka tarar? Teburin katako haɗe da bencinsa, da murhun ƙarfe mai kamar gindin ganga, da ɗan fili shararre na kafa tanti. Ruwa sai ka ɗauki jarka ka je famfon tuƙa-tuƙa, ka yi ta dannawa hannun yana ƙara kafin ya kawo, in ya kawo kuma sanyinsa har haƙori. Banɗaki masai ne na rami. Ba lantarki, waya ma sau da yawa ba sabis. Da dare ya yi doka ta hana hayaniya, janareto da rediyo duk a kashe. Mutum ya baro gidansa mai kwandishan da ruwan zafi ya zo nan da ƙafarsa, har da biyan kuɗi. Wannan shi ne abin da muke nema wa suna.

5/ Sansani. Shi mutane suka fi kawowa, don shi ƙamus ke bayarwa. Ku lissafa inda muke amfani da shi: sansanin soja, sansanin 'yan gudun hijira, sansanin alhazai, sansanin masu yi wa ƙasa hidima. Duk taro ne mai shugaba, da layin abinci, da lokacin tashi da na kwanciya. Ba ka zaɓar inda za ka shimfiɗa tabarma, nuna maka ake yi. Wanda ya je Pigeon River kuwa guje wa taro ya yi. In ka ce wa Inna a waya "muna sansani da yara", tambayar da za ta biyo baya ita ce, "Subhanallahi, me ya faru?" Na bar sansani ga 'yan sikawut da makarantun da ke kwasar yara su kai su daji da malami da usur. Can ya zauna daram.

6/ Kwanan daji. A da zan iya yarda da wannan. Mafarauta na kwanan daji, direban da mota ta mace masa tsakanin gari da gari ya yi kwanan daji. Amma a yau ka faɗi kalmar a gaban mutumin Zurmi ko Batsari ko Birnin Gwari ka ga fuskarsa. A wurinsa kwanan daji shi ne mata da yara su fice daga gari da magariba su kwana a ƙarƙashin sabara saboda 'yan bindiga, ko kuma wanda aka sace yana hannunsu. Ba zan ɗauki wannan kalma in liƙa wa masu gasa nama a bakin kogi ba. Ko ba don kunya ba, ma'anar ma ta saɓa: a kwanan daji dole ce ta kai ka.

7/ Masauki yana da rufi da mai masauki. Ruga da mashekari na makiyaya ne, akwai shanu a cikin kalmomin. Mu wuce.

8/ Yanzu zango. Ku tuna fataken da ke tashi daga Kano da ayarin jakuna su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni har Salaga. Madugu ne ke da ayari, jagaba na gaba yana duba hanya. Inda za a kwana ba a tsakiyar gari yake ba. Fili ne a bayan gari ko a daji, sananne, kusa da ruwa, wanda wasu suka sauka kafin ku, wasu za su sauka bayanku. Ku sauke kaya, ku kafa bukkoki, ku hura wuta, kowa ya dafa guzurinsa. Sau da yawa akwai abin da ake biyan mai ƙasar. Gari na wayewa a ɗaure kaya a tashi. Ku koma lamba 3 da 4 ku sake karantawa: sanannen wuri, bakin ruwa, makwancinka a kafaɗarka, girkinka a hannunka, ɗan abin da za ka biya, sannan ka tashi ka bar wa na baya. Ban ga abin da ya rage ba.

9/ Abin da ya ƙara ja na shi ne zango ya zo da aikatau nasa a shirye. Muna cewa yada zango. Ba sai mun ƙera komai ba. "Mun yada zango a bakin kogi." "Gobe da sassafe za mu tashi daga zango." "Zangon ya cika, sai muka ƙara gaba." Duk Bahaushen da ya ji ya gane, daga Agadas har Kumasi. Gwada haka da sansani ka ji: "mun kafa sansani a bakin kogi." Sai ka ce yaƙi za a yi da asuba.

10/ Wani Malam a ƙasa ya kawo suka mai ƙarfi, kuma na ji daɗinta. Ya ce zango mataki ne a cikin tafiya. Bafatake ba don zangon ya fito ba, goro ya fito nema, shi ya sa ma ake auna nisa da shi, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango biyu ne. Shi kuwa Ba'amurken nan wurin kwanan shi ne maƙasudinsa, daga can gida zai juya.

Gaskiya ne, Malam, Allah ya ƙara sani. Amma kalmar ta daɗe da fita daga hannun fatake. Ɗalibi yana cewa zangon karatu na biyu, ba jaki ba mangala. Ɗan siyasa yana neman zango na biyu a kan kujera. Kalmar da ta ɗauki waɗannan ba za ta gaza ɗaukar tanti ba. Sai dai na yarda a ƙara mata jela don a rufe ƙofar da ka nuna: zangon shaƙatawa. Da an ji shaƙatawa an san ba fatauci ba ne, ba gudu ba ne.

11/ Wata 'yar'uwa daga Ghana ta ce a wurinsu zango unguwa ce mai gidajen bulo da masallatai, kamar Sabon Zango a Akara. Haka ne Hajiya, a Damagaram ma akwai unguwar Zango, ga Zangon Daura, ga Zangon Kataf. Duk wuraren saukar ayari ne da suka zaunu suka zama gari. Ban ga rikici a nan ba. Wanda ya ce "ni ɗan Zango ne" da wanda ya ce "mun kwana biyu a zangon shaƙatawa" ba za a haɗa su ba. Na Mishigan ma ba zai taɓa zama unguwa ba, don akwai iyakar kwanakin da aka yarda mutum ya yi a gurbi ɗaya, in sun cika sai ya naɗe tantinsa.

12/ Tanti kuwa kada wanda ya taɓa shi. Alhazai sun gama mana wannan aiki tun a Mina. Masu son hema ko laima su riƙe abinsu, ba faɗa.

13/ Saura hanyoyin da ake bi a ƙafa, kuma nan ne na fi jinkiri. Daga zangon Pigeon Bridge, ɗaya daga cikin wuraren kwana na dajin Pigeon River, akwai wata da ake kira Shingle Mill, mai zagaye-zagaye, mafi tsawonsu wajen mil 11. Akwai kuma High Country, zobe guda mai kusan mil 80, wadda ake kwanaki ana bi da kaya a baya. Faɗin hanyar bai wuce na mutum ɗaya ba. Abin da ke riƙe da kai shi ne shuɗin fenti da aka shafa a jikin itatuwa daidai tsayin ido. Ka tsaya a wannan shaida, ka ɗaga kai ka hango ta gaba, sannan ka taka. In ka yi 'yar tafiya ba ka ga shuɗi ba, kada ka yi taurin kai, koma inda ka ga na ƙarshe. In kana da rabo ka ci karo da garken wata babbar dabba dangin barewa, wadda ta kusa doki girma, namijin da ƙaho mai rassa. Sun taɓa ƙarewa a jihar, sai a 1918 aka kawo guda 7 daga yammacin ƙasar aka saki a yankin, su ne suka hayayyafa.

14/ Burtali na shanu ne, tsakanin shinge da shinge. Labi ma nasu ne. Gwadabe ya yi faɗi da yawa. Hanyar ƙafa daidai ce, sai dai ita ce kuma wadda ake yankewa zuwa gona ko rijiya, ba ta nuna cewa tafiyar ce abin nema. Turba ta fi kusa: siririya, sawu ne ya fitar da ita. Ita kuma tafiyar, tattaki. Na san tattaki ya kwashi kaya a 'yan shekarun nan, tun daga masu takawa zuwa Abuja murnar zaɓen 2015 har zuwa masu zanga-zanga. Duk da haka gindin ma'anar bai motsa ba: doguwar tafiya a ƙasa da gangan, alhali ga mota. Don haka turbar tattaki. Mai bin ta kuma ɗan tattaki.

15/ Bari in gwada su a kan wani gargaɗi na gaske, don kalma sai an ɗora mata kaya ake sanin ƙarfinta. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da birnin Ditroit na jihar Mishigan, wanda tsutsarsa ke cin cikin ɓawon itace. Ya kashe miliyoyin itatuwa, kuma a cikin itacen girki da mutane ke lodawa a but ɗin mota ya fi saurin yaɗuwa. Ga yadda gargaɗin zai fito da Hausa: "Masu yada zango, kada ku zo da itacen wuta daga gida. Ku saya a kusa da zangon, ku ƙone shi a nan, kada ku tafi da ragowa. Ku kashe murhu da ruwa kafin ku hau turbar tattaki." Na karanta wa wani dattijo ɗan Gumel da ke zaune wurin ɗansa, bai tambaye ni ma'anar ko kalma ɗaya ba. Abin da kawai ya tambaya shi ne me ya sa mutum mai gida zai je ya kwana a can.

16/ Masu aikin rediyo da fassara, ga su a jere: gandun dajin jiha, zangon shaƙatawa, yada zango, gurbi, tanti, turbar tattaki. In an ambaci zangon shaƙatawa sau ɗaya a farkon labari, sauran wuraren zango kawai ya isa.

17/ Inda ban gamsu ba shi ne sunan mutumin. Ɗan zango ya riga ya zama na mutanen Kumasi da Akara, ba zan ƙwace musu ba. Mai yada zango ya yi tsawo a kanun labari, ko da yake jam'insa ya zauna lafiya a gargaɗin can na sama. Wani ya kawo mazangi, na juya shi a baki na ji kamar sunan cuta. Wanda ke da abin da ya fi, musamman mutanen Nijar da har yanzu suke ganin ayarin raƙuman gishiri daga Bilma, ya ajiye mana a ƙasa yadda kuke kiran wanda ya sauka a zango.