An ba ni aikin duba marasa lafiya daga nesa, in karɓa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa nas-nas. Shekarata 3 ina aikin wodi (ɗakin kwantar da marasa lafiya) a Ingila, aikin dare ya gama cinye ni. Yanzu wani asibitin GP (likitocin unguwa da ake fara gani) ya ba ni gurbi: masu hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya za su riƙa auna kansu a gida, sakamakon ya faɗo kwamfutata, ni kuma in kira wanda nasa ya nuna ja, wato alamar haɗari. Ba dare, ba Asabar da Lahadi. Tsorona kar hannuna ya manta aiki. Sannan idan wani ya rasu a ɗakinsa alhali ni ke kallon lambobinsa fa?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Karɓi, amma ki sani rabin aikin da kunne ake yinsa. Akwai wani dattijo mai ciwon zuciya da nauyinsa ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, alamar ruwa na taruwa ke nan. Na kira, ya ce lafiyarsa ƙalau, amma sai ya yanke magana ya ja numfashi kafin ya ƙarasa. Na ce filo nawa kake kwana a kai? Ya ce ai tun shekaranjiya a kujera yake barci. A ranar nan likita ya ƙara masa maganin fitar da ruwa, bai kai ga kwanciya asibiti ba.

Amsa ta 2:
Jan ƙarya zai ishe ki. Wani ya ɗaura abin awon jini kan rigar sanyi, wata jikanta ne ya hau sikelin. Ki riƙe cewa a awon gida daga 135/85 ake fara lissafin hawan jini, ba 140/90 ba. Na'urar yatsa kuwa takan nuna iskar oksijin sama da gaskiya a jikin masu baƙar fata irinmu, kar ki sakankance da ita.

Amsa ta 3:
Kafin ki sa hannu, tambaye su mutum nawa za a ɗora miki, kuma wa ke duba allon bayan kin tashi. A gaya wa kowane mara lafiya ƙarara: ciwon ƙirji lambar gaggawa ta 999 ake kira, ba jiran nas ba. Duk kiran da kika yi ki rubuta, rajistarki ta NMC (hukumar da ke yi wa nas-nas rajista) kike karewa. Batun hannu, ki riƙa karɓar aikin wodi ko sau ɗaya a wata.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Anti mai amsa ta 3, wallahi ban tambayi adadin ba. Litinin zan kira manajan.