Kacici-kacicin ƙofar dutse: rana ce ko wata?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum. Jama'a a yi mini alƙalanci, don abin da aka yi a wasan jiya bai yi ba. An saka hoto da harshen wadannin nan, wato gajerun mutane, na The Hobbit, littafin Tolkien da aka mayar fim, aka ce a warware a ba da amsa. Abin da ya fito shi ne: tsuntsu ya buga dutse, ɗaya ya tsaya a bango, wa ya nuna ƙofa? Duk wanda ya karanta littafin ya san rana ce. Ɓoyayyen rubutun da ke jikin taswirar Thorin, shugaban wadannin, ma cewa ya yi rana mai faɗuwa ce za ta haska kafar makullin ɓoyayyar ƙofar da ke jikin dutsen. Na ba da "rana" tun ƙarfe tara, sai ga shi an ba wanda ya ce "wata" katin dubu biyu bayan goma ta gota. In son kai za a yi, a daina kiransa wasa.

Malam Tanimu: Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, gyara ɗaya. Ba harshe ba ne, rubutu ne. Haruffan tsoffin Turawan Ingila ne da ake sassaƙawa a dutse da itace, Tolkien ya ara don fanninsa ne, tsohon Ingilishi yake koyarwa a Jami'ar Oxford lokacin da littafin ya fito a 1937. In ka mayar da alamomin taswirar ɗaya bayan ɗaya, Ingilishi za ka gani tsaf. Kuma taswirar ta Thror ce, kakan Thorin.

Sagir: Malam, ai wadannin suna da harshensu, Khuzdul. A fim ma an ji suna yinsa.

Malam Tanimu: Suna da shi, amma ba shi ke jikin taswirar ba. Hausar da aka rubuta da ajami ta koma Larabci ne? Hoton jiya Hausa ce aka sa wa rigar aro.

Baban Hanifa: Ni maganar kati nake yi.

Anti Rabi: Malam Tanimu, a maganar yau da kullum in mutum ya ga abin da ba ya iya karantawa cewa yake wani yare ne. Kowa ya gane abin da yake nufi.

Malam Tanimu: Anti, a wasan warware rubutu wannan "kowa ya gane" ɗin shi ke kayar da mutane. Wanda ya ɗauka harshe ne ƙamus zai nema, ya kwana bai samu komai ba. Wanda ya san rubutu ne jadawalin haruffa zai nema. Kuma jadawalin biyu ne. Na The Hobbit daban, na wani littafin Tolkien, The Lord of the Rings, da ake kira Cirth daban, siffofin sun yi kama amma sautin ya saɓa. Alamar da matsafi Gandalf ya karta a ƙofar Bilbo, jarumin labarin, a fim na farko G ce a Cirth, amma a jadawalin da aka yi wasan jiya da shi mai irin wannan siffar F ce. Ka ɗauko jadawalin da ba shi ba, ko kalma ɗaya ba za ta tashi ba.

Ummi: Ko babu jadawali ma ana warwarewa. Alamomi 69 ne a hoton, kalma 19, ɗigo ne ke raba su. Ka ƙirga wacce ta fi yawa: akwai wata da ta fito sau 21, kuma sau biyu ta tsaya ita kaɗai. A Hausa wannan A ce, babu ja. Kuskuren mutane shi ne bin ƙa'idar Ingilishi cewa E ce ta fi yawa, alhali a hoton jiya E sau ɗaya tal ta fito, a ƙarshen "dutse". Daga nan ka nemi kalma mai alama biyu da ta ƙare da A wadda ta maimaitu sau uku, ka gwada "ya". Da ka samu Y, sai "baya", "ɗaya" da "tsaya" su fara buɗewa a jere.

Sagir: Tarkon da ya fi cin mutane shi ne masu kama da boko. Mai kamar M ita ce E. Mai kamar P ita ce W. Mai kamar X ita ce G. Sai kalmar ƙarshe, inda O da F da A suka jeru, dukkansu sanda ce da reshe biyu: na F sama suka kalla, na A ƙasa, na O sun yi ƙasa sannan suka lanƙwaso sama. A ƙaramar waya sai ka buɗa hoton sosai kafin ka bambance su.

Ummi: Ga "bango" kuma alama huɗu ce ba biyar ba, don NG alama ɗaya gare ta. Babu haruffa masu lanƙwasa, saboda haka ƙofa KOFA ce, ɗaya DAYA ce, kai ne za ka mayar musu da ƙugiyarsu.

Yaya Habu: Tunda ni na shirya wasan bari in sa abin da hoton ya ƙunsa, harafi da harafi: TSUNTSU YA BUGA DUTSE IAMAA SUN IUYA BAYA DAYA YA TSAYA A BANGO A MAIIGI WA YA NUNA KOFA. Baban Hanifa, ina ka kai kalmomin da ke tsakani? A wannan tsarin babu J, da I ake rubuta ta, Tolkien da kansa ya faɗi haka a bayanin da ke gaban littafin. IAMAA jama'a ce. IUYA juya ce. MAIIGI majigi ce. Na ce a majigi, wato a fim.

Baban Hanifa: MAIIGI na ɗauka "maigida" kake son rubutawa hannu ya kuskure.

Yaya Habu: To ka ji.

Hajiya Turai: Habu, tsaya. Majigi ba fim ba ne. Majigi sinimar mota ce da gwamnatin Turawa ke yawo da ita gari-gari, a kafa farin ƙyalle a fili a nuna wa jama'a harkar tsafta da noma. Wa ya taɓa kallon Bilbo a majigi? Ka sa kalmar da ba ta dace ba, sannan ka ce yaro ya faɗi.

Yaya Habu: Hajiya, da na sa "fim" alama uku ce, kowa zai gane cikin minti ɗaya. Kacici-kacici ai sai da lulluɓi. In aka ce shanun gidanmu dubu maɗaurinsu ɗaya, wa ya taɓa kai ƙara cewa tsintsiya ba saniya ba ce?

Hajiya Turai: Wancan kamance ne, naka kuskuren suna ne.

Malam Tanimu: Yanzu dai kun yarda kalma ɗaya tana da nauyi. Ɗazu da na ce rubutu ne ba harshe ba, cewa aka yi na cika tsanani.

Anti Rabi: Ba wanda ya ce ka cika tsanani, Malam. Kai ka ji haka.

Sagir: Ko an cire majigi, "jama'a sun juya baya" ta isa. A fim na biyu, na 2013, rana ta faɗi ba a ga komai ba, wadannin suka fid da rai suka gangara, Thorin ya saki makullin a ƙasa. Bilbo kaɗai ya rage. Tsuntsun ya zo ya buga dodon koɗi a dutse, gajimare ya yaye, hasken wata ya nuna kafar. A littafi ba haka ba ne: Bilbo ya ji bugun tsuntsun ya kira su, suna tsaye a wurin lokacin da tsirkiyar rana ta ɓullo ta tsagar gajimare ta sauka a jikin dutsen. Babu wanda ya juya baya.

Kawu Bala: Shi ya sa fim ɗin ya yi shirme. Ranar Durin, wadda taswirar ta ce a cikinta za a ga kafar makullin, ita ce ranar farko ta watan ƙarshe na kaka, in aka ga rana da wata tare a sama. Wato jinjirin wata. Duk wanda ya taɓa fita duban watan azumi ya san siririn abu ne da ake wahalar gani, yana can yamma ƙasa-ƙasa, kuma ba ya daɗewa bayan magariba yake bin rana. Wane haske gare shi da zai nuna rami a jikin dutse? Littafin ya ambaci jinjirin, amma rana ya ba aikin, don marubucin ya san sama.

Sagir: Kawu, labarin da ke da dodo mai aman wuta kwance a kan zinariya, ƙarfin hasken wata ne ya dame ka?

Kawu Bala: Tatsuniya ma tana da doka, ɗana. Gizo ba ya zama Ƙoƙi a tsakiyar labari.

Ummi: Amma Kawu, rubutun taswirar da kansa da wata ake karanta shi. Elrond, wanda ya karanta musu shi, bai gan shi ba sai da wata mai siffa irin ta daren da aka rubuta shi, a irin wannan lokaci na shekara, ya hasko ta bayan takardar. In wata ne ya buɗe rubutu, ba laifi don masu fim sun sa shi ya buɗe ƙofa. Kuma maganar "haske na ƙarshe" na ranar tana ɗaukar ma'ana biyu, nan suka kama.

Kawu Bala: Suka kama rabin jimla suka yar da rabi. Rana mai faɗuwa tana cikin jimlar.

Hajiya Turai: Mutanen da suka mayar da ɗan littafi guda fim uku, 2012, 2013, 2014, me ba za su yi ba? Tauriel babu ita a littafi. Legolas babu shi a wannan littafin. Azog da ya yi ta bin su a fim ya daɗe da mutuwa kafin tafiyar, ɗansa Bolg ne ya zo yaƙin ƙarshe.

Sagir: Peter Jackson, daraktan fina-finan, ne ya sa rabin mutanen gidan nan suka san akwai littafin, Hajiya.

Hajiya Turai: Ka faɗi rabin da kake ciki.

Anti Rabi: Har kacici-kacicin Bilbo da Gollum, halittar da ya tarar a kogo, ma sun rage. Tara ne a littafi, biyar suka bari: dutse, haƙora, iska, ƙwai, lokaci. Na duhu da na kifi da sauran biyun duk an zubar.

Malam Tanimu: Goma ne in an haɗa da tambayar da Bilbo ya yi ta me ke cikin aljihunsa.

Anti Rabi: Wannan ba kacici-kacici ba ce, tambaya ce kawai. Abin da ke aljihun mutum ba a gano shi da tunani. Gollum ma ya yi ƙorafi, sai dai ya nemi a ba shi canka uku, da ya nema kuwa ya karɓi wasan ke nan.

Malam Tanimu: To ai kin ga kin raba tambaya da kacici-kacici. Haka na raba rubutu da harshe.

Anti Rabi: Malam, don Allah.

Baban Hanifa: An bar jaki ana dukan taiki. Katin fa?

Yaya Habu: An riga an loda shi. Da ka kasa sai ka ce ka ba ni gari, kamar yadda ake yi.

Baban Hanifa: Ban kasa ba. Amsata tana cikin littafi, shafi da layi.

Ummi: Kalma 19 aka ba ka, ka karanta 13.

Baban Hanifa: Ke da wanda ya ci ai unguwarku ɗaya.

Ummi: Kai kuma kai da Kawu Bala ne kaɗai kuka ce "rana".

Kawu Bala: To ya isa haka, bari in taƙaita a matsayina na mai kula da gidan nan. An tabbatar cewa a asalin labari rana ce ta nuna ƙofa, kuma ba wanda ya iya kare yadda jinjirin wata zai haska dutse. An tabbatar masu fim sun yi ƙari da ragi yadda suka ga dama, Hajiya da Anti Rabi sun kawo misalai. Kalmar majigi ba ta dace ba, ita ce ta jawo ruɗani, don haka ba za a ɗora wa Baban Hanifa laifi ba. Maganar harshe da rubutu ƙaramar magana ce. Daga yau duk wanda zai shirya wasa ya ɗauko tambayarsa daga littafi. Habu, mako mai zuwa ka nemo wa Baban Hanifa ko na ɗari biyar ne.

Sagir: Kawu, ina maganar "jama'a sun juya baya" a cikin taƙaitawar?

Malam Tanimu: Ƙaramar magana?

Yaya Habu: Na mako mai zuwa da Cirth zan rubuta. Wanda ke da tsohon jadawali ya ajiye shi.