Neman shawara: in ƙarasa zaman Ingila ko in karɓi aikin Jidda?

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci kusan mako uku ke nan, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da tsawon bayanina. Ni ma'aikacin jinya ne, mutumin Funtuwa, ina aiki a wani asibitin gwamnati a Bradford da ke arewacin Ingila yau shekara uku da wata bakwai, tare da maiɗakina da 'ya'yanmu uku. Wani asibiti mai zaman kansa a Jidda ya yi mini tayin aiki na kwantiragin shekara biyu, kuma sun ba ni zuwa ƙarshen wata in ba su amsa.

Abin da ya sa na nemi aikin tun farko shi ne rasuwar mahaifinmu bara cikin hunturu. An kira ni da ƙarfe huɗu na asuba ina kan aikin dare, ina tsaye a ɗakin ajiye magunguna da makullai a hannuna, kuma babu wanda zan bar wa marasa lafiya. Ƙanina ne ya ɗaga wayarsa sama lokacin sallar jana'iza, na ji kabbara huɗu ina zaune a kan benci a ɗakin canza kaya, kafin in sauka daga aiki da ƙarfe takwas an riga an kai shi makwancinsa. Sai bayan kwana biyar na isa gida, na tarar an watse daga zaman makoki. Hajiyarmu tana fama da hawan jini da ciwon suga, sau biyu ina nema mata bizar ziyara ana hana ta, kuma ranar da zan dawo ta ce mini idan nata lokacin ya yi kada in wahalar da kaina da zuwa, addu'a ta wadatar. Wannan maganar ba ta bar ni ba har yau.

Ba zan ce Bradford ta zalunce ni ba, domin akwai masallatai da naman halal a kowace unguwa, yara suna karatu kyauta, asibiti ma kyauta. Amma idan aka cire haraji, na biya haya da harajin ƙaramar hukuma da kuɗin gas, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk suna riskata a bakin aiki, kuma idan na yi wa yarana magana da Hausa da Turanci suke amsa mini. Tambayata ita ce, ga mai iyali kuma mai tsohuwa a gida, wace ƙasa ce ta fi daɗin zama tsakanin biyun?

Injiniya na Winnipeg:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba: idan ka bar Ingila yanzu ka yi asarar da za ka daɗe kana cizon yatsa. Wata 17 kacal ya rage maka ka cika shekara biyar ka nemi takardar zama ta dindindin, bayan shekara ɗaya kuma ka nemi fasfo, kai da yaranka. A Saudiyya kuwa ko shekara talatin ka yi iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, tana rataye ne a wuyan mai aikinka, ranar da aikin ya ƙare zaman ya ƙare, kuma ɗan da aka haifa maka a can baƙo ne kamar kai. Daɗin zama a ƙasar waje ba a auna shi da albashi ko yanayi, ana auna shi da ko wani zai iya tashinka dare ɗaya.

Kuma tambayarka ma a gurguje take, domin ka bar ƙasar da ta fi su duka. A Kanada mutum yana iya shigowa da takardar dindindin tun ranar farko, idan ya yi kwana 1,095 a cikin shekara biyar ya nemi zama ɗan ƙasa, duk ɗan da aka haifa a nan kuma ɗan ƙasa ne kai tsaye. Akwai biza ta musamman ta iyaye da ke ba su damar zama har shekara biyar a zuwa ɗaya, wadda ita ce maganin matsalar Hajiya. Shekarunka nawa? Ina tambaya ne saboda makin da ake bayarwa wajen zaɓen masu neman takardar dindindin yana fara raguwa da zarar mutum ya kai talatin.

Maman Ilham:
Baban Walid, shekarata 14 a Jidda, maigidana yana aiki a kamfani mai zaman kansa, don haka ka saurare ni. Tun daga 2020 duk mai aiki irin naka yana biyan riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato mata da yara uku riyal 1,600 a wata, 19,200 a shekara, sai dai idan asibitin ya ɗauke maka. Yaran da suka fara karatu da Turanci kuma makarantar kuɗi za ka kai su, ga harajin saye na kashi 15 cikin ɗari. Shin takardar da suka aiko ta ambaci gida da kuɗin makaranta da tikitin iyali?

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babban ɗana, wanda a nan ya yi wayo, Larabcinsa ya fi Hausarsa, amma yanzu da ya gama sakandare muna neman inda za mu jefa shi, domin nan ba tasa ba ce, Kano kuma bai san kowa ba sai kakanninsa. Maƙwabciyata shekara 22 suka yi, aka ba mijinta bizar fita ta ƙarshe, na taya ta sayar da firji da kujeru a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsu ba. Sannan ka shirya jin kalmar takari daga bakin yaron da ka haifi kamarsa, ko da takardunka sun fi nasa cika. Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, idan raina ya ɓaci cikin awa ɗaya ina gaban Ka'aba, kuma jirgi daga Jidda zuwa Kano bai kai awa biyar ba.

Baban Walid:
Na gode ƙwarai. Injiniya, shekaruna 39, kuma gaskiya ban baro Funtuwa domin neman jan fasfo ba, na fito ne neman abin da zan riƙe iyayena da shi. Me fasfo zai amfana mini idan Hajiya ta tafi kamar yadda Baba ya tafi? Maman Ilham, na san da kuɗin iyalin, amma a Saudiyya ba a cire harajin albashi ko sisi, kuma riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, don haka abin da zan tura gida ba zai riƙa rawa ba. Sun ba da gida, maganar makaranta kuma sun ce za a tattauna idan na iso.

Umman 'Yan Biyu:
Malam, na karanta bayaninka sau biyu, na ga Baba, na ga Hajiya, na ga harajin ƙaramar hukuma, amma ban ga abin da maiɗakinka ta ce ba. Ina faɗin haka ne domin ni aka yi wa irinta. Ina koyarwa a wata sakandare a Zariya, maigida ya gama shirinsa tsaf sannan ya sanar da ni saura wata biyu, na ajiye aikina na biyo shi Leicester, yanzu tsofaffin Turawa nake yi wa wanka ina canza musu zanin gado, kuma har yau idan muka yi saɓani wannan maganar ce ke tasowa. Masu cewa takarda ita ce kwanciyar hankali kuma su tuna watan Agustan 2024, lokacin da aka riƙa kai hari masallatai da otal-otal na masu neman mafaka a garuruwan Ingila. Muna da takardar dindindin a lokacin, amma mako guda ban bar 'ya'yana mata sun fita da hijabi ba.

Injiniya na Winnipeg:
Umman 'Yan Biyu, wannan ai hujjata ce kika ƙarfafa, shi ya sa na ce Kanada. Baban Walid, "za a tattauna idan ka iso" cinikin biri a sama ne, kuma mutumin da ya riga ya ajiye aikinsa ya kwaso iyali ba shi da bakin ciniki. A shekara 39 makinka ya ragu sosai, amma larduna suna da nasu tsarin ɗaukar ma'aikatan lafiya, kuma lardinmu na Manitoba yana nemansu ruwa a jallo. Na sha ba mutane wannan shawarar, babu wanda ya dawo ya ce na cuce shi.

Ɗan Maradi:
Injiniya, da girmamawa, ni na ji irin wannan shawarar kuma jiki magayi. Da takardar jinya na shigo Kanada, amma sai da na yi kusan shekara biyu ina ɗaukar kwali a rumbun ajiyar kaya kafin a gama tantance takarduna in zauna jarrabawar NCLEX ta samun lasisin aikin jinya, kuma har yanzu iyalina ba su da likitan iyali. Ba ka faɗa masa cewa sanyin garinku yana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili ba, ba ka faɗa masa cewa a Oktoban 2024 gwamnati ta rage adadin waɗanda za a ba takardar dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000 ba. Maganar tsaro kuma, a 2017 an kashe mutum shida a masallacin birnin Quebec, a 2021 an take iyalin Musulmi da mota a Ontario. Mutumin da ke kukan nisa da mahaifiyarsa za ka ƙara masa teku guda?

Injiniya na Winnipeg:
Wahalar shekara biyu ce ka sha, yanzu ina kake? Sanyi kuma riga ake saka masa. Bizar iyayen da na ambata ta kawar da maganar nisa, domin Hajiyar ce za ta zo.

Baban Walid:
Injiniya, Hajiya ba za ta iya zaman ɗaki wata shida tana kallon dusar ƙanƙara ta taga ba, mace ce da gidanta ba ya rabuwa da jikoki da maƙwabta. Amma idan aka ce mata Makka, ko a keken guragu za ta zo. Umman 'Yan Biyu, maiɗakina mace ce mai haƙuri da biyayya, kuma na tabbata duk inda na ce mu tafi ba za ta ƙi ba. Ta fara wani kwas a kwaleji a nan, amma ai karatu ba ya ƙarewa.

Kawu Na Fagge:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Duk na ji bayanansu, amma babu wanda ya ambaci gida. Ni na yi shekara 11 a Madina ina ɗinki, na dawo na tarar ƙannena sun gina gidaje ni ko fili ban da shi, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Idan domin mahaifiyarka ce, Jidda ma ai ba Funtuwa ba ce, kuma mai kwantiragi ba ya fita sai an ba shi hutu. Ka yi istihara, ka kuma tambayi ita Hajiyar abin da take so.

Abu Sumayya:
Ina so in gyara lissafin Injiniya kaɗan. A watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da ƙudurin mayar da wa'adin samun takardar dindindin daga shekara biyar zuwa goma, don haka ya kamata Baban Walid ya ga lauyan shige da fice ya tabbatar da inda ma'aikatan jinya suka tsaya kafin ya gina hukunci a kan wata 17. Idan biyar ɗin tana nan, shawarata ya daure ya karɓi fasfo sannan ya tafi Saudiyya, domin takardar dindindin kaɗai tana mutuwa idan mutum ya yi shekara biyu a waje, fasfo kuwa ba ya mutuwa. Aikin jinya a ƙasashen Larabawa ba zai ƙare nan da shekara uku ba.

Baban Walid:
To kun gani, ashe ma wata 17 ɗin ba tabbas ba ne, kuma ni abin da nake ji a jikina ke nan tun farko. Shekara uku da kake faɗa, Abu Sumayya, wa ya ba ni tabbacin Hajiya za ta kai? Kawu, na tambaye ta, ta ce in yi abin da ya fi mini alheri, kuma kun san ba za ta taɓa cewa in dawo ba. Zan yi istihara in sha Allahu. Kafin nan, ko akwai wanda ya san tsawon lokacin da tantance takardun karatu da aiki ta kamfanin DataFlow ke ɗauka, kuma shin sai na gama jarrabawar Prometric ta samun lasisin aiki a Saudiyya za a fara mini biza?

Injiniya na Winnipeg:
Wato ka riga ka yanke hukunci, shaida kawai kake nema. Idan wa'adin Ingila ya koma goma, wannan dalili ne na zuwa Kanada, ba na zuwa inda babu wa'adi ko kaɗan ba. Ka ajiye wannan maganar tawa, nan da shekara biyu za mu sake yin ta.

Umman 'Yan Biyu:
Malam, "ba za ta ƙi ba" daban, "na tambaye ta" daban. Kwas ɗin na mene ne, kuma saura wata nawa ta gama?

Maman Ilham:
Baban Walid, kada ka sa hannu sai kuɗin makaranta da kuɗin iƙamar iyali sun shiga cikin takardar a rubuce. Ka turo mana abin da ke cikinta in nuna wa maigidana, kuma ka duba ko bizar da za su ba ka ta mai iyali ce ko ta mutum ɗaya, domin har yanzu ba ka faɗa mana ba.