Masu tara tsofaffin takardun fam na Ayilan, yaya kuka fara?

Baban Ikram, Dublin
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da Ayilan ta koma yuro a 2002 fam ɗinta ya bar kasuwa, amma bai bar akwatunan tsofaffi ba. Ni dai maƙwabciyata ce, wata dattijuwa, ta ba ni takardar fam ɗaya koriya mai hoton Sarauniya Medb ta tatsuniyoyin Ayilan, wai in nuna wa yara kuɗin da suka ci a zamaninsu. Daga nan na shiga yawon kasuwar 'yan gwanjo ranar Lahadi. Yanzu jerin da aka fara bugawa a 1976 saura fam hamsin kawai ban samu ba, wadda ke ɗauke da makahon mawaƙin nan Turlough O'Carolan. Duk mai irin wannan sha'awa ya faɗa mana yadda ya fara da abin da ya gamu da shi.

Malam na Fagge
Wa alaikumus salam. Ni canji nake yi a Wapa, ba tarawa na fito yi ba. Wani yaro ne ya kawo mini kuɗin da ya tarar a jakar marigayi kakansa, wanda ya yi aiki da fadan coci 'yan Ayilan a Jos. Ya ɗauka fam na Ingila ne. Na duba, ba hoton Sarauniyar Ingila, sai wata mata da mayafi, ga rubutu da harshe biyu. Na ce masa wannan ba ta canzuwa a nan, ya bar mini su a kan abin da muka daidaita. Sule goma ce da fam ɗaya guda biyu. Har yau suna cikin durowa, in kasuwa ta yi sanyi sai in fito da su in yi ta kallo.

Baban Ikram, Dublin
Malam, ai Lady Lavery ke nan kake riƙe da ita, jerin farko da ya fito a 1928. Mijinta Sir John Lavery ne ya zana ta a matsayin uwar ƙasa, alhali a Chicago aka haife ta. Juya bayan takardar, za ka ga fuskar dattijo da aka sassaƙa. Irin waɗannan fuskoki suna jikin ginin kwastan na Dublin, kowace tana wakiltar wani ruwa na ƙasar. Sannan duba ko akwai harafi guda cikin ɗan da'ira a gaba. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka riƙa sa shi, domin a Ingila ake buga kuɗin, in jirgin da ya ɗauko su ya salwanta a san waɗanda za a soke. Masu tarawa suna neman irinsu sosai.

Maman Sadiq, Zariya
Ni fa ba darajarsu ta dame ni ba. Ƙanina da ya yi karatu a Cork ya kawo mini fam biyar ta 1976 saboda ya san ina ɗinkin hannu. Bayanta an kwafo rubutu da ado daga Littafin Kells, wani kwafin Linjila da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, yana ajiye a Kwalejin Trinity ta Dublin. Da na sa tabarau na bi zaren adon, sai na ga ya bi ta sama, ya kurɗa ta ƙasa, ya sake ɓullowa, ba ka gane inda ya fara. Sak yadda muke murɗa dagi a aljihun babbar riga. Bambancin kawai, Keltawa, wato mutanen Ayilan na dā, sukan ƙarasa zaren da kan tsuntsu ko na wata dabba, mu kuwa ba ma yi. Na gwada fitar da shi a kan hula, ya ci mini lokaci ba kaɗan ba, don kuskuren tsallake ɗaya ke lalata duka.

A ganina jerin 1976 ɗin nan ya fi na 1992 kyau nesa ba kusa ba. Na 1992 ɗin hotunan mutane ne kawai manya-manya, ado ya ragu.

Ɗan Maraɗi
Hajiya, a nan ban yarda ba. Fam goma mai marubuci James Joyce yana murmushi ita ce ta fi burge ni cikin duka, kuma Robert Ballagh da ya zana jerin na 1992 ba ƙaramin mai zane ba ne. Amma gargaɗi na zo yi. Na sayi ɗaya ta intanet, mai sayarwa ya rubuta wai ba ta taɓa shiga hannu ba. Da ta iso na karkata ta a haske, sai ga sawun ninki a tsakiya, takardar ta yi santsi ba ta yin ƙara irin ta sabuwa. Guga aka yi mata. Tun daga nan sai an turo mini hoton gaba da baya, da wanda aka ɗaga wa haske har in ga fuskar Lady Lavery da ke ɓoye a jikin takardar, kafin in biya ko sisi.

Baffa Jauro
Ni Medb ce ta ja ni. Matar da labarinsu ya ce ta tara runduna ta tafi yaƙi a kan bijimi guda, ai ta kusa zama 'yar gida. Ban tsaya ga nata ba, yanzu ina bin takardun manomi mai huɗa da dawakai biyu, na 1929. Bankuna takwas ne suka fitar da su, kowanne da sunansa a jiki, ga tsada ga wuyar samu. Ɗaya tak gare ni.

Malam na Fagge
To Baban Ikram, tambayar ɗan kasuwa. Akwai inda ake karɓarsu har yanzu?

Baban Ikram, Dublin
Akwai, Malam. Babban Bankin Ayilan bai sa wa'adi ba, yana canzawa a kan farashin da aka tsayar, yuro ɗaya daidai da fam 0.787564, wato fam ɗaya yuro 1.27. Sai dai banki adadin da ke rubuce kawai zai biya ka, ba ruwansa da shekara ko harafin yaƙi. Turo mini hotonsu tukuna, ka sa kowace a leda daban, kada a ninke, kada kuma yara su liƙa musu salatif.