Na kusa gama karatun zane, ta ina ake shiga galari?

Ɗalibar zane: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shekarar ƙarshe, kuma hankalina ya rabu biyu. Abin da raina ke so shi ne zanen gawayi: hannayen tsofaffi, jijiyoyi da tsagewar fata. Amma duk wanda ya leƙo situdiyo sai ya wuce su, ya tsaya gaban hotunan fuska masu launi, ya ce waɗannan ne za su shiga kasuwa. Wanne zan riƙe? Kuma yaya ake yi galari, wato gidan nunawa da sayar da zane, ta ɗauki mutum?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da sanin cinikin tukuna. Yawancin galari rabin kuɗin zane suke ɗauka. Kada abin ya ba ki haushi, su ne da hayar wuri da talla da kai aiki manyan baje koli irin su Art Basel ko 1-54 da aka fara a Landan a 2013, kuma su suka san masu saye. Sai dai duk galarin da ta ce ki biya kafin ta rataye aikinki, ki tsere. Wannan daga aljihunki take ci, ko an saya ko ba a saya ba.

Mai sassaƙa: Kuma a rubuta komai! Na taɓa ba wata galari ayyuka 6 da baki kawai. Bayan wata 8 aka dawo mini da 4, ɗaya gefensa a ɓantare, kuɗin biyun kuwa sai da na yi ta sintiri. Ki tabbatar an yi takarda da za ta nuna sunan aiki da girmansa, kason kowa, ranar biya, da wanda zai ɗauki asara idan ya lalace.

Malama mai koyarwa: 'Yata, ni batun gawayin ne ya tsaya mini a rai. Kasuwa ba ta zama wuri ɗaya. Abin da kika ga ana yayi yau, kafin ki ƙware a kansa ya wuce, ki tashi ba tsuntsu ba tarko. Dubi El Anatsui, mai sassaƙa ɗan Ghana. A 1975 ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka, yana aikin itace da yumɓu, albashi na riƙe da shi. Da ya fara ɗinke murafun kwalabe da wayar tagulla, wa ya ce masa za a saya? Sai a baje kolin Venice na 2007 duniya ta waiwayo shi sosai, ya haura 60 a lokacin, a 2015 kuma aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinare ta wannan baje kolin. Mai galari yana neman aiki 15 ko 20 da in an jera su za a ce hannu ɗaya ne, tunani ɗaya. Hannayen nan naki sun kama hanyar haka.

Mai ɗaukar hoto: Gaskiya ne Malama, amma ciki ba ya jiran galari. Ki karɓi aikin hoton fuska in an ba ki, ki sayi kayan aiki da kuɗin, ba abin kunya ba ne. Kawai kada ki cakuɗa su da na gawayin a Instagram.

Tsohon hannu: Kuɗin gwanjo ma kada su ruɗe ki. A 2020 an sayar da zanen Amoako Boafo, mai zane ɗan Ghana, fam 675,000 a gidan gwanjon Phillips da ke Landan, amma wanda ya riga ya saye shi da araha ne ya kwashi ribar. Shiga kuwa, da wuya saƙon imel ya buɗe ƙofa. Ki riƙa zuwa buɗe baje koli, ki haɗa naku da 'yan ajinku, masu zane su ke kai sunan junansu.

Ɗalibar zane: Allah Ya saka da alheri. Na ƙirga, ina da 9 na gawayi, zan cika su 15 kafin baje kolin kammalawa. Yaya mai hoto, ta yaya zan ɗauke su ba tare da gilashi ya yi ƙyalli ba?

Mai ɗaukar hoto: Ki ɗauka kafin a sa firem, kusa da taga, a inuwa, ki kashe filasha. Turo mini biyu in gani.