Tsohon kwalin VC10 na Airfix: a gyara shi ko a nemi sabo?

Mai tambaya, Nima: Salamu alaikum. Ga tsohon kwalin haɗa ƙaramin samfurin roba na jirgin sama Vickers VC10, na kamfanin Airfix, ma'aunin 1/144, irin na dakon mai na sojan saman Ingila. So nake ya fito a kamannin na Ghana Airways mai lambar rajista 9G-ABO, wanda ya iso a 1964. Layukan jikinsa a tashe suke, ƙofofin ba sa zama daidai, sitika ta yi ruwan ƙasa. Malamai, ya cancanci wahalar, ko in yi odar na Roden in huta?

Daga Aboabo, Kumasi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka kashe kuɗi, auna. Na Roden, kamfanin Yukiren ɗin nan, ya fi kyawun layi, amma Super VC10 ne. Shi Super tsawonsa mita 52.3, na Ghana kuwa gajeren ne, mita 48.4. A 1/144 bambancin ya kai milimita 27, kuma a jirgi siriri kamar wannan ido na kama shi daga nesa. In ka sayi sabon sai ka yanke gangar jikin ka sake haɗawa, aikin da ya fi wanda kake gudu. Na hannunka gajeren ne tun asali. Idan ka gama ya kamata ya ba ka kusan santimita 33.6. Riƙe abinka.

Daga Madina: Na yarda da Malam, amma a raba gyaran da zai bayyana da wanda ɓata lokaci ne. Abin da dole: cire kayan karɓa da ba da mai, wato bututun hanci da tulunan ƙarƙashin fukafukai, a toshe gurabensu. Sai ƙofofi da tagogi. A manna ƙofofin, a cike gefensu, a goge su ɓace gaba ɗaya, daga baya a mayar da su da sitika. Tagogi ma haka: a liƙa siririn falle na roba ta ciki kafin a haɗa ɓarin jiki biyu, sannan a cike ta waje. Wanda ya cike ba tare da wannan mataki ba, poti, wato abin cike rami, na faɗawa ciki yana goga.

Poti na motoci yana tsukewa in ya bushe, bayan sati biyu sai ka ga inuwar tagogi ta dawo ƙarƙashin fenti. Supagulu da ɗan garin hoda ya fi. Sharaɗinsa ɗaya: a goge cikin awa guda, don in ya kwana ya fi robar tauri, sanfefa za ta cinye gefe ta bar shi tsaye. Fara da sanfefa mai lamba 400, koma 600, ƙarasa da 1000, duk da ruwa.

Kada ka damu da babbar ƙofar kaya. Na Ghana Type 1102 ne, amma na biyunsu, 9G-ABP, ne ke da ita a gefen hagu, gaban fiffike; 9G-ABO ba shi da ita. 

Daga Sabon Zango, Accra: Batun layuka ne ban goyi baya ba. A 1/144 layin da ya kai kaurin gashi ya riga ya fi na gaskiya girma sau da yawa. Goge su duka, ka sake zana na sassan da ke motsi kawai a fukafukai da jela. Allurar ɗinki a cikin mariƙi ta isa, da tef mai kauri ya zama jagora. Ja uku ko huɗu marasa nauyi. In ka danna, allura ta zame, kuma tsohuwar roba tana tsagewa maimakon ta yanku.

Cikin ɗakin matuƙa kuwa kada ka taɓa, ba wanda zai gani.

Daga Aboabo, Kumasi: Abu biyu da ake tunawa bayan gam ya kama. Na farko nauyi. Injinan Conway huɗu duk a baya suke, ga doguwar jela a kansu, jirgin zai zauna da gindi. Haɗa shi da tef tukuna, ɗora shi a kan fensir daidai inda manyan tayoyi za su tsaya, ƙara dalmar masunta a hanci har ya rinjaya gaba, sannan ka ƙara kaɗan. Na biyu, fiffiken da ya lanƙwashe a kwali. Tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba, kamar daƙiƙa 20, miƙar da shi a kan gilashi, zuba ruwan sanyi. Tafasasshen ruwa murɗe shi zai yi, kuma ba ya dawowa.

Daga Fadama: Yaya, robar toshe tagogi ba sai an yi oda ba. Duba murfin kayan abinci mai alamar PS da lamba 6, gam ɗin roba yana kama shi. Mai lamba 5 ba ya kamawa ko kaɗan.

Fenti na gwangwani na motoci, irin na kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, yana aiki amma yana da zafi. Feshi na farko ya zama kamar hazo, daga nisan santimita 30, a bar shi ya bushe. Wanda ya jiƙa robar a karo ɗaya zai ga fatarta ta yamutse. Da damina a jira tsakar rana, don laima na sa fari ya dushe. Da hunturu kuma a kife babban roba a kansa da zarar an fesa, saboda ƙura.

Daga Madina: Sitikar kwalin ta sojan Ingila ce, ba ta da amfani a nan, kuma tsohuwa na farfashewa a ruwa. Abin da ya dace a yi oda shi ne takardar sitika da zanen tagogi. Tutar jela da rubutun suna a buga su a kan takarda mai haske, tunda saman jirgin fari ne, a fesa mata fanish sau biyu kafin ta taɓa ruwa, in ba haka ba tawada ta narke. Zaɓi hoto ɗaya na 9G-ABO ka bi shi har ƙarshe, kada ka haɗa na shekaru daban-daban.

Mai tambaya, Nima: Allah ya saka da alheri. Zan fara da tagogi. Supagulun a zuba shi kafin hodar, ko a kwaɓa su tare?

Daga Madina: Kwaɓa su a kan murfin kwalba, kaɗan-kaɗan, na taga biyar a lokaci guda. Ya wuce haka zai daskare maka a tsinke.