Insecure: wane kashi ne ya fi tsaya muku a rai?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina gida wankan jego, da rana barci, da dare ido biyu. Ƙanwata ta zuba min Insecure, shirin talabijin ɗin nan na Amurka, gaba ɗaya a waya, kashi 44, ni kuma ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Zango na farko kawai na taɓa kallo tun tuni. Waɗanda suka gama don Allah ku tsamo min masu daɗin.

Ummita: Barka da arziki, Allah ya raya. Zango na 3 kashi na 5. Ki fara da shi, ki dawo ki yi min godiya.

Fa'iza Kaduna: Na bikin waƙoƙin Coachella? Wayyo Kelli, ƙawar su Issa! Sun yi doguwar tafiya don su ga Beyoncé, aka kore su tun kafin ta hau dandamali, ita kuma Kelli ta ruga za ta koma ciki masu gadi suka ɗana mata abin shokin.

Ummita: Kada ta kalla tana shayarwa dai, dariya za ta sa ta firgita yarinya.

Anti Rabi: Allah ya raya Ilham. Abu ɗaya zan ce kafin a yi nisa. Tunda gaban Hajiya kike, ki sa abin kunne, ki kuma riƙe yatsanki kusa da inda ake tsallakewa. Shirin HBO ne, akwai wuraren da ba su dace da ido ba, kuma ba sa yin sallama kafin su zo.

Maman Ilham: Amin Anti, na gode. Na sani, na tuna daga zango na farko.

Hadiza B.: Ni ƙarshen zango na 1 ne nawa har gobe. Sun je Malibu bikin zagayowar ranar haihuwar Kelli, Issa da aminiyarta Molly ba sa ga maciji, amma da Lawrence, saurayin Issa, ya kira ta ya ce yana so su yi magana, Molly ce ta ɗauki mota cikin dare ta mayar da Issa Los Angeles. Issa ta shiga gida ta tarar ya kwashe kayansa kaf, sai rigarsa ta aikin kantin Best Buy ita kaɗai a rataye. Kowa rigar nan yake tunawa. Ni abin da ya biyo baya nake tunawa, inda ta fito ta zauna a tsohuwar kujerar nan da suka yar a bakin titi, Molly ta dawo ta same ta, ta kwantar da kai a cinyarta tana kuka. Ba a ce an yafe ba, ba a ce yi haƙuri ba.

Fa'iza Kaduna: Lawrence bai yi laifi ba a nan, ita ta fara cin amana da Daniel.

Ummita: Shekaru yana zaune a kujera ba aiki tana ciyar da shi, har ranar haihuwarta ya manta. Wannan ba laifi ba ne?

Fa'iza Kaduna: Rashin aiki ba cin amana ba ne Ummita.

Anti Rabi: Kun fara.

Sa'a: Ina karantawa ina shiru, amma na san inda za a ƙare, za a zo kan zango na 4 kashi na 5 a ce Molly muguwa ce. Tun 2020 da aka nuna shi lokacin kullen korona nake jin wannan magana, kuma har yau ban yarda ba. Bari na faɗi dalilina sau ɗaya.

Ina da aminiya tun muna aji ɗaya a makarantar kwana. Ita ce babbar ƙawa a bikina, ita ta kwana da ni a asibiti haihuwata ta fari. Ƙaninta ya gama bautar ƙasa yana neman aiki, ta ce in yi wa maigidana magana tunda ya san mutane a inda yaron yake nema. A lokacin ni da shi muna cikin wani hali da ban faɗa wa kowa ba, ko kuɗin cefane sai na auna kalmomina kafin na tambaya. Na ce mata ta ɗan ba ni lokaci, yanzu ba dama. Ta ce to, ba komai. Ashe ta karɓi lambarsa wajen wata 'yar uwarsa, ta kira shi da kanta, ta tura masa takardun yaron. Ya yi abin da zai yi, yaro ya samu. Ni ban san komai ba sai a wajen wani suna na danginsa, yayarsa ta ce min a gaban mata, ai ƙawarki ta fi ki sanin hanyar mijinki. Aka yi dariya. Na rasa inda zan sa fuskata.

Da na tuntuɓe ta, amsar da ta ba ni ita ce, to me ya ragu a jikinki, ba gashi an taimaki yaro ba? Ba ta ga abin da ta yi ba sam. Ni kuma ba taimakon ne ya dame ni ba, wallahi na yi wa yaron murna. Abin da ya ci min rai shi ne na ce mata a'a, ta ji a'ar, ta zagaye ta kamar ban yi magana ba. Daga nan duk sirrin da na taɓa faɗa mata sai ya dawo min a rai, ina tambayar kaina ko shi ma za ta zagaye shi ranar da buƙatarta ta taso. Yanzu sai gaisuwar sallah da ta'aziyya.

To shi ya sa da na ga Molly ta ce ba ta so a shigar da saurayinta Andrew cikin hidimar bikin unguwar nan da Issa ta shirya a Inglewood, Issa kuma ta bi ta wajen abokinta Nathan aka kai ga Andrew, na san abin da yake ƙuna a ƙirjin Molly. Kowa yana ganin Vince Staples ya hau ya yi waƙa, taro ya yi kyau. Ita kuma tana ganin maganarta ba ta da nauyi a wajen wadda ta fi kowa saninta. Maman Ilham, in za ki kalli kashin nan, ki fara da na 4 kafin shi, ki ji yadda aka yi wayar da Molly ta ƙi. Kada ki yanke hukunci daga faɗan kawai.

Hadiza B.: Kai Sa'a. Allah ya huci zuciyarki, abin da ciwo.

Fa'iza Kaduna: Naki daban ne ƙawata. Naki miji ne, kuma kai tsaye ta kira shi. Andrew saurayi ne, Nathan kuma abokinsa ne da suke zaune gida ɗaya. Issa ba ta da ikon neman alfarma wajen nata abokin?

Sa'a: Ta san inda alfarmar za ta ƙare.

Ummita: Ko da Molly na da gaskiya, a tsakiyar taron da mace ta yi watanni tana haɗawa za ki tare ta? Mawaƙin farko ya janye, Condola da take taya ta shirin ta zame, ita Issa ta bar aikinta na ƙungiyar We Got Y'all ta zuba komai a kan wannan rana. Ki bari gari ya waye mana.

Sa'a: Wannan na yarda. Wuri da lokacin ba su yi ba.

Maman Walid: Ni duk faɗan nan bai taɓa ni kamar kashi na 9 ba, wanda Kerry Washington ta ba da umarni. Issa da Molly sun haɗu sun ci abinci, ana ta hira sama-sama kamar an shirya. Da dare a gidan su Andrew, Molly ta rubuta masa saƙo cewa ka gani ai ina ƙoƙari da ita, sai saƙon ya tafi wayar Issa. Suna zaune ɗaki ɗaya! Da suka fita waje Molly ta ce wataƙila yadda kowaccensu ta zama yanzu ba su dace da juna ba, Issa ta ce to, ta shiga mota. Wannan "to" ɗin ya fi zagi zafi. Ba ihu, ba turereniya, kuma a nan ne na ji zumuncin ya yanke da gaske.

Hadiza B.: Zo mu zauna zo mu saɓa. Tun suna jami'ar Stanford suke tare fa.

Bilkisu Accra: Ku bar ni da Yvonne Orji dai, wadda ta fito a Molly. Haifaffiyar Fatakwal ce, an kai ta Amurka tana ƙarama. A zangon nan na 4 aka sa sunanta cikin 'yan takarar lambar yabo ta Emmy a 2020. Duk wadda ta sa rabin duniya suka ji haushinta a wasa, ta iya aikinta.

Ummita: Issa Rae ma, wadda ta fito a Issa, babanta ɗan Senegal ne.

Malama Asiya: Ni ina mamakin yadda matan aure za su zauna suna lissafa kashi-kashi na shirin da rabinsa zaman daduro ne da shaye-shaye. Me za a koya a ciki?

Anti Rabi: Malama, maganarki tana kan hanya, shi ya sa na yi gargaɗi tun farko. Rayuwarsu ba tamu ba ce, babu wadda ta ce a kwaikwaya. Amma ki duba duk abin da aka rubuta a sama, kusan babu mai maganar samarin, kowa ƙawance take magana a kai. Wannan kuwa namu ne mu ma.

Malama Asiya: Ai shi ido ba ya tace abin da ya gani, Anti.

Fa'iza Kaduna: Wadda take son mai sauƙi ta nemi Skinny Girl in Transit na Ndani TV a YouTube, kyauta ne. Tiwa da ƙanwarta Shalewa, ga Ngozi Nwosu a matsayin uwar da ba ta da zance sai yaushe za ki kawo miji. Shi ma ba na yara ba ne, amma bai kai wancan ba.

Bilkisu Accra: Uwar Tiwa sak gwaggona.

Nas Hauwa: Yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙo jibge. Maman Ilham, ni don ke zan yi magana. Ƙarshen zango na 4, kashi na 10. Ƙawarsu Tiffany ta haihu, kowa yana ganin ta fi kowa dacewa, ga miji, ga gida, ga jaririya lafiyayya. Rana ɗaya mijinta Derek ya kira ya ce ba a san inda take ba. Issa da Molly ba sa magana amma dole suka fito tare da Kelli suna nemanta cikin gari, har aka same ta a ɗakin otal ita kaɗai. Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma tun kashi-kashin baya an yi ta nuna alamunsa, ƙawayen kowacce ta shagala da nata. Muna ganin irinsa a wajen aiki. Mace ta kasa barci ko da jariri ya yi barci, ta yi ta kuka ba dalili, ta ji ba ta son ɗaukar ɗanta, a gida a ce mata rashin godiya ne ko a ce iska ce. 'Yar damuwar kwanakin farko takan wuce da kanta, amma in ta haura mako biyu, ko mace ta fara tunanin cutar da kanta, asibiti za a je. Ban ce kina da shi ba ƙanwata. Na ce ki kalla da rana, ba tsakar dare ke kaɗai ba, kuma in wani abu ya yi kama da naki ki kira ni.

Maman Ilham: Na gode Yaya Hauwa, Allah ya bar zumunci. Alhamdu lillahi Hajiya ba ta barina ni kaɗai. Amma ku sauran kun gama ba ni labarin tas, me ya rage in kalla?

Ummita: Kashi na 8 na zango na 4 bai shiga hannunsu ba tukuna. "Lowkey Happy". Ba zan ce komai ba sai dai Natasha Rothwell ce ta rubuta shi, wato Kelli da kanta.

Fa'iza Kaduna: Daren Issa da Lawrence! Wanda ya ga wannan ya ce ba su dace ba, to ban san me yake nema ba.

Hadiza B.: Kashi biyu bayan nan Condola ta zo da cikin Lawrence.

Ummita: Hadiza!

Hadiza B.: Ai Yaya Hauwa ta riga ta aike ta can.

Maman Walid: Abin da na so a ƙarshen zangon nan shi ne inda Issa da Molly suka haɗu. Andrew ya rabu da Molly, Issa ta ji labarin cikin, sai ga su a gidan abincin Habasha ɗin nan da suka zauna a kashi na farko na 2016. Da duniya ta yi wa kowaccensu zafi, ba ta da lambar da za ta kira sai ta ɗayar.

Sa'a: A wasa ne ake samun haka. Marubuci ne ya kashe musu soyayya rana ɗaya don su koma wa juna.

Anti Rabi: Sa'a, a zango na 5 ma ai ba nan take suka koma daidai ba. Kowacce tana taka-tsantsan da bakinta. Sai da mahaifiyar Molly ta kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki, Issa ta tsaya mata a asibiti, sannan abin ya warware. Ni ban ce ki kira kowa ba. Na dai ce ki kai ƙarshe, wajen da Issa take taya ta cire rigar amarci bayan aurenta da Taurean.

Sa'a: Na kai Anti. Na kashe wayar a nan, ban ƙarasa ba.

Bilkisu Accra: Ba wanda ya ambaci Kelli da Tiffany a walimar kafin haihuwa, zango na 3 kashi na 6. Tiffany ta ba wasu sababbin ƙawaye shirya taron, Kelli ta zo da kek ɗin da ta yi da hannunta aka ajiye shi gefe. Mai ba kowa dariya, ranar idonta ya cika.

Fa'iza Kaduna: Tiffany ta ga ba su da lokacinta ne tunda ta samu ciki. Har rukunin hira suka buɗe babu ita.

Bilkisu Accra: Su Issa ne ba su da lokacinta, Kelli ba ta taɓa barinta ba.

Ummita: Kelli ma tana cikin rukunin ai.